Ganuwa Ta Biyu: Birni Da Sabon Gari A Ƙagaggun Labaranmu

Gabatarwa

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, ɗaya daga cikin sababbin 'yan ƙungiya ya karanta mana babi guda na littafin da yake rubutawa. Tauraron labarin saurayi ne ɗan cikin birni, mai ladabi, wanda ba ya fashin makarantar dare. Ranar da iyayen budurwarsa suka ɗauke ta suka ba wani attajiri, sai ya fice ta Ƙofar Mata da almuru, ya ratsa Fagge, ya faɗa Sabon Gari, ya kwana yana ɗirkar giya. Yaron ya iya Hausa, ya kuma iya jan zaren labari, don haka aka yi masa tafi sosai. Da aka zo fagen gyara sai na tambaye shi, a wane titi gidan giyar yake? Wa ya miƙo wa tauraron kwalbar, kuma yaya sunansa? Ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Malam, ai Sabon Gari ne kawai, kowa ya san shi." Na sake tambayarsa ko ya taɓa shiga gidan wani mazaunin unguwar ya sha ko da ruwa ne. Ya ce shi iyakarsa bakin kasuwa.

Ban ga laifin yaron nan ba, domin abin da ya tarar ana yi ke nan, kuma ni ma mai tambayar na aikata irinsa a rubuce-rubucena na farko. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu duba inda wannan ɗabi'a ta samo asali, da irin hasarar da take jawo wa adabinmu. Kano tana da ganuwa biyu. Ta farko ita ce badalar da kakanninmu suka gina da ƙasa, wadda yau ta zaizaye, har an yi gine-gine a kanta a wurare da dama. Ta biyu kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka shata ta da alƙalami a kan taswira. Ba ta da tubali ko ɗaya, amma ita ce har yau marubucin Hausa ya kasa tsallakewa.

Birni kafin zuwan Nasara

Duk wanda ya tashi a cikin birni, in ya saurari sunayen unguwanni da kunnen basira, tarihin baƙi zai ji. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga kuma Alfindiki da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, tun lokacin da kalmar Bature take nufin Balarabe. Littafin tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), Shaihu Magili kuma ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), zuriyar da ake dangantawa da shi ce take zaune a Sharifai. Dukkan waɗannan baƙi ne a jiya, amma birni ya haɗiye su, jikokinsu su ne Kanawan da suke taƙama da Kananci a yau. Ko Kirista ma, in ya zo a matsayin baƙo, a cikin gari ake saukar da shi. Barth, Bajamushen nan da ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, a cikin badala ya sauka a 1851, ya zaga Kasuwar Kurmi, ya rubuta abin da ya gani.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zamanin da aljanna ne. An yi yaƙe-yaƙe, an kamo bayi an sayar a wannan kasuwa, Maguzawan karkara kuma jizya suke biya, ba su da ta cewa a fada. Sharaɗin zama cikakken ɗan gari shi ne Musulunci da bin sarki. Har ila yau, a 1900 da Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano da niyyar kafa mishan, Sarki Alu bai ɓata lokaci ba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Wato dai akwai iyaka tun kafin Turawa. Sai dai waccan iyaka tana da ƙofa. Baƙo yana iya shigowa, ya kama sana'a, ya yi aure, a wayi gari ɗansa ɗan gari ne, babu mai tambayar inda kakansa ya fito.

Yadda aka shata ganuwa ta biyu

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka naɗa Sarki Abbas. A watan Maris na wannan shekara, a Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Alkawarin ya yi wa sarakuna daɗi, ya kuma yi wa Turawa amfani, domin su 'yan ƙalilan ne, ba su da yadda za su riƙe ƙasa mai faɗin nan sai ta hannun sarakuna. Tawayen Satiru na 1906 ya ƙara musu tsoron duk abin da zai harzuƙa Musulmi. Saboda haka aka taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, aka sakar masa mara a wuraren da Turawa suka kira ƙasar arna, kamar Filato da kudancin Zazzau. Ke nan Arewa kanta an raba ta gida biyu bisa addini, kowane gida da irin makarantarsa da irin shari'arsa.

Tsarin ya gamu da cikas da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a 1912. Reluwe da kamfanoni da ofisoshin gwamnati suna bukatar akawuna da kafintoci da direbobi da masu aikin gidan waya, ga shi makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a 1909 aka buɗe ta, ba ta isa ta samar da su ba. Sai aka kwaso ma'aikata daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Yawancinsu Kiristoci ne masu ilmin boko, masu karanta jarida, waɗanda ba su saba faɗuwa gaban sarki ba, ba su kuma yarda alƙali ya yi musu shari'a ba. Turawa suka ga in aka bar waɗannan suka cakuɗa da talakawan birni, za su koya musu tsaurin ido, sarakuna ma ba su so hakan ba. Don haka a 1913 aka yanka musu fili a bayan Fagge, aka ja tituna a miƙe, aka kira wurin Sabon Gari. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ƙulle tsarin. Turawa suna unguwarsu, da fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da baƙar fata, wai don gudun sauro. Kwarori suna wajen da ya zama Kantin Kwari. 'Yan Arewa da ba Kanawa ba suna Fagge, daga baya kuma Tudun Wada da Gwagwarwa. Birni na talakawan sarki ne, Sabon Gari kuma yana hannun jojin Bature. Ibo sun yawaita a cikinsa ne daga baya, musamman bayan an gama gadar jirgi ta Makurɗi a 1932. Sai a 1940 aka mayar da unguwar ƙarƙashin En'e ta Kano, alhali ɓangarorin biyu sun riga sun saba da zaman kowa tasa ta fisshe shi.

Akwai abu biyu da ya kamata marubuci ya lura da su a nan. Na farko, iyakar ba ta bi addini sak ba, daga baya ne muka fassara ta haka. Bayarabe Musulmi da kakansa ya zo da ƙafa a ƙarni na 19 ya sauka a Ayagi, ya zama Bakano. Ɗan'uwansa Musulmi da ya zo a jirgin ƙasa bayan 1913 a Sabon Gari ya sami masauki, kuma jikokinsa har yau baƙi muke kiransu, ga su da masallatansu da makarantun Islamiyyarsu. Hausawa ma da yawa sun zauna a unguwar tun farkonta. Abin da ya raba mutanen nan shi ne ranar isowarsu da kotun da aka ce su kai ƙara.

Na biyu, doka ce ta tara wasu abubuwa a can. An hana sayar da giyar Turawa ga 'yan ƙasa a Arewa, amma aka ba da lasin a Sabon Gari. Coci ba ta da izini a birni, sai a can. Makarantar mishan, sai a can. Gidan silima na farko, Rex, a wajen badala aka buɗe shi a 1937, kuma da aka gina Palace a cikin gari a farkon shekarun 1950 sai da malamai suka yi ca. Ta haka aka ɗaure coci da makarantar boko da gidan giya da gidan rawa a dami ɗaya, aka ajiye a bayan Fagge, har ɗan birni ya taso ba ya iya bambanta su. Amma kowa ya san cewa masu cika gidajen giyar nan da dare ba duka ne suke kwana a unguwar ba. Da yawansu kafin asuba sun koma ta ƙofar da suka fito.

Yadda ganuwar ta shiga adabi

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a cikin wannan tsari aka haife shi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta Hukumar Talifi ce, hukumar gwamnati, littattafan kuma don makarantun En'e aka nufe su. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi duk sun kai mai karatu nesa, wani ya kai shi ƙasar aljannu, wani ya ratsa da shi hamada, amma babu wanda ya kai shi unguwar akawunan da ke bayan tashar jirgi. Abin lura shi ne John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East, mutumin Wusasa ne, garin Hausawa Kiristoci da ke gefen Zariya, amma labarin nasa na Musulmi ne daga farko har ƙarshe. Ba na rage wa waɗannan littattafai daraja, su ne iyayenmu. Abin da nake cewa shi ne sun shata fagen da ya dace da taswirar Razdan, mu kuma muka gaji fagen ba tare da mun tambayi wanda ya auna shi ba.

Marubutan da suka ɓullo daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, sun yi jarunta ƙwarai. Irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun taɓo auren dole da sakin wulaƙanci da hana mata ilmi, a lokacin da taɓa su yake jawo zagi. Sun shiga har ƙuryar ɗaki sun faɗi abin da ake rufewa. Amma wannan guguwa, da wadda ta biyo bayanta ta masu rubutu a intanet, ba ta taɓa ganuwa ta biyu ba sai kaɗan. Tauraro yana zuwa Landan karatu, yana zuwa Dubai sayayya, yana da gida a Nassarawa, amma mutumin Sabon Gari in ya fito a labari, a ɗaya daga cikin riguna uku yake fitowa.

Riga ta farko ita ce ta mai gidan giya ko mai otal. Ba shi da suna, ba shi da iyali, aikinsa kawai ya buɗe wa ɗan mutunci ƙofar lalacewa. Ku duba bambancin siffantawa. In marubuci yana cikin birni zai nuna maka soro da dakali da lungun da babur ba ya juyawa a cikinsa, da mai ƙosan bakin kududdufi, har ka ji ƙamshin man. Da zarar ya tsallaka Fagge sai idonsa ya rufe, ya gama da unguwa sukutum cikin jimla ɗaya, ya ce wuri ne da babu tsoron Allah. Wannan rauni ne na sana'a kafin ya zama raunin adalci, domin wurin da marubuci bai gani ba, mai karatu ma ba zai gani ba.

Riga ta biyu ita ce ta ɗan ban dariya, mai sayar da kayan gyaran mota ko mai kemis, wanda ake sa wa gurɓatacciyar Hausa a baki don a yi nishaɗi. 'Yan fim ma sun ɗauki wannan sun yayata. Alhali akwai dubban mutanen da aka haifa a Sabon Gari, aka haifi iyayensu a can, waɗanda in suna magana a bayan labule ba za ka raba su da ɗan Yakasai ba. Marubucin da kunnensa bai taɓa kama wannan Hausa ba, bai gama sauraron Kano ba.

Riga ta uku ta fi sauran kyau a ido, ita ce ta yarinya Kirista mai hankali da tauraro yake so. Tun daga shafin da ta fito mai karatu ya san ƙarshenta: za ta musulunta a babin ƙarshe, ko kuma a gano ashe tun asali 'yar Musulmi ce aka sace ta tana jaririya. Musulunta abu ne da yake faruwa, kuma ya isa jigo babba, in an nuna abin da mutum ya bari da abin da ya samu, da kukan uwarsa, da yadda sababbin dangi suka karɓe shi ko suka ƙi ba shi aure. Amma a yawancin labaranmu ba a nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ake koya wa mai karatu a fakaice shi ne, mutumin kirki ba zai yiwu ya zauna a can gefen ba, in ka ga nagari to namu ne ya ɓata.

A haɗa da wannan, akwai sakaci wajen kalmomi. In wani ɗan tauri a cikin labari ya kira maƙwabcinsa arne, wannan halinsa ne, marubuci ya nuna mana shi yadda yake. Amma in muryar mai ba da labari ce da kanta take faɗin haka, to marubuci ya sa hannu ke nan, alhali malamanmu sun bambanta ma'abota littafi da masu bautar gumaka tun a karatun farko.

Waɗanda suka leƙo daga ɗaya gefen

Labarin da muka ƙi bayarwa wasu sun bayar da shi da Turanci. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya fitar da Iska a 1966, labarin budurwa Ibo da ta tashi a Arewa da saurayinta ɗan Arewa. Chimamanda Adichie ta kawo kisan 1966 na Kano a cikin Half of a Yellow Sun (2006), inda kawun tauraruwar yake zaune a Sabon Gari, wani Bahaushe abokinsa ya shiga cikin masu kisa, wani Bahaushen kuma ya tserar da ita. A cikin tarin gajerun labaranta na 2009 akwai wanda ta haɗa ɗaliba Ibo da wata Bahaushiya mai sayar da albasa, suka ɓuya a shago ɗaya ana tarzoma a Kano. Labari ne mai taɓa zuciya, amma Bahaushiyar har aka gama ba a faɗi sunanta ba. Ita ma marubuciyar daga bayan ganuwa take leƙe, abin da ta hango shi ta rubuta. Ba mu da bakin yi mata ƙorafi, tunda mu da muka san sunan mai albasar da unguwarsu da abin da ta tarar da ta koma gida, mun yi shiru.

Mu duba Indiya, ƙasar da muka fi kowa kallon finafinanta, kuma ƙasar da aka haifi Lugga kansa. A 1947 Ingilishi suka raba ta biyu bisa addini, Indiya da Pakistan. Lauyan da ya ja layin, Radcliffe, bai taɓa zuwa ƙasar ba kafin nan, kuma cikin mako biyar ya gama. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. Marubutansu ba su kau da kai ba. Saadat Hasan Manto, Musulmi ne da ya bar Bombay ya koma Lahore a 1948, ya rubuta gajerun labarai da harshen Urdu, wanda ake rubutawa da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu. A cikin Toba Tek Singh ya ba da labarin musayar mahaukata tsakanin ƙasashen biyu, da wani tsoho da ya kasa gane a wace ƙasa garinsu ya faɗa, har ya mutu a kan iyaka. Manto bai wanke Musulmi ba, bai wanke Hindu ko Sikh ba, kuma ya sha gurfana a kotu saboda rubutunsa. Khushwant Singh ya fitar da Train to Pakistan a 1956. Ko a finafinan da muka haddace, Amar Akbar Anthony na 1977 labarin 'yan'uwa uku ne da suka tashi a addinai uku, Bombay na 1995 kuma labarin aure ne tsakanin Hindu da Musulma a tsakiyar tarzoma. Mun aro rawa da waƙa da soyayyar mutum uku daga wajensu, wannan ɗaya ce muka bar musu.

Uzurorin da ake kawowa

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Za a ce marubuci abin da ya sani yake rubutawa. Haka ne, amma wanda ya iya siffanta titunan Landan da bai taɓa takawa ba, bai kamata tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ta gagare shi ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba mu san su ba. Ni kaina littafina na farko a injin wani Bayarabe Kirista aka buga shi, ya yi mini lamuni har na sayar na biya. Tsofaffinmu nawa aka kai asibitin ido na mishan, wanda yake aiki tun 1943, suka dawo suna gani? Muna cuɗanya da su da rana a kasuwa da asibiti da gareji, sai mun ɗauki alƙalami da dare mu shafe su.

Za a ce masu karatu ba sa so. Haka aka ce kafin a fara rubutu a kan auren dole, sai ga shi an yi rububi. Za a kuma ce abin yana da haɗari, a taɓa addini a Kano wasa da wuta ne. Wannan uzuri ne mai nauyi, ba na raina shi. Amma babu wanda ya ce a taɓa aƙidar kowa. Haƙƙin maƙwabci da riƙon amana da faɗin gaskiya ko da a kan kai ne, duk a cikin karatunmu suke. Nuna Kirista a matsayin mutum mai uwa da bashi da ciwon kai ba ya rage wa marubuci imani.

Shirun ma yana da nasa haɗarin. A watan Mayun 1953 an yi kwana huɗu ana faɗa a tsakanin Fagge da Sabon Gari kan rikicin siyasar neman mulkin kai, hukuma ta ƙirga gawa 36. An sake yi a 1966, mafi muni. An yi a watan Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, an kuma yi a 2004. Ba na cewa littattafanmu ne suka jawo waɗannan. Amma yaron da ya ɗauki gora ya nufi unguwar da bai san sunan kowa a cikinta ba, da wanda ya tare shi da makami daga can, dukkansu sun taso ne ba su taɓa karanta labarin da ya nuna musu juna a matsayin mutane ba. Da masifar Boko Haram ta zo kuwa ba ta tambayi taswira ba: ta tashi bam a tashar mota ta New Road a watan Maris 2013, ta tashi a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a watan Nuwamba 2014.

Abin da yake jiran alƙalami

Ga matasa masu neman jigo, ga shi nan a zube. Jam'iyyar NEPU, wadda ta tsaya wa talakan birni, a Sabon Gari aka kafa ta ran 8 ga Agusta 1950, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba, tare da mawaƙi Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Jaridar Comet ta kamfanin Azikiwe, wadda ta dawo Kano a 1949, ta ba su shafin Hausa suka faɗi abin da ba ya faɗuwa a cikin badala. Wato ɗan birni ya taɓa tsallaka ganuwar nan don neman 'yancinsa. Ina labarin wannan dare? France Road da muke ambata kullum, da yawa sun ɗauka sunan ƙasar Faransa ne, alhali sunan wani akawu ne mutumin Gwalkwas da ya shugabanci unguwar. Ina labarin irinsa, mutumin da ya tsufa a garin da ba zai taɓa zama nasa ba? A 1966 akwai Kanawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, akwai kuma waɗanda suka riƙe gidajen Ibo har aka gama yaƙi a 1970, suka mayar musu har da kuɗin haya. Akwai waɗanda suka yi kisa da wasoso, suka tsufa da abin a ransu. Dukkansu namu ne, kuma littafin gaskiya sai ya ɗauke su duka. Akwai Hausawa Kiristoci, jikokin Maguzawa, waɗanda birni yake ganinsu bare, Sabon Gari ma yake ganinsu bare.

In kuma marubuci yana son ya ɗanɗana zaman Sabon Gari daga ciki, to ya tuna mu ma 'yan Sabon Gari ne a wani wuri. An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun tun 1916, ga zangon Kumasi, ga unguwannin Hausawa a Shagamu da Anaca. A can mu ne baƙin da aka haifa a gari amma ake ce musu su koma gida, mu ne ake kwaikwayon maganarmu a yi dariya. Wanda ya rubuta labarin ɗan goro a Sabo da gaskiya, ya riga ya fahimci mai kemis na Sabon Gari.

Kammalawa

Shawarar da na ba yaron nan ita zan maimaita wa sauran. Na ce kada ya cire babin, domin samari suna zuwa can su sha giya, ƙarya ne a ce ba sa zuwa. Amma ya koma da rana, ya san sunan titin, ya ga cocin da ke kusa da masallacin da ke bayansa, ya ga yara suna dawowa daga makaranta. Ya ba matar da ta miƙo kwalbar suna, ya san garin da za a kai gawarta in ta mutu, da dalilin da ya sa ba a nan za a binne ta ba, ko kuma dalilin da ya sa ta ce lallai a nan. Wataƙila ma ita ce za ta ƙwace kwalbar ta ce masa ya tashi ya tafi gida, uwarsa tana jiransa. In ya yi haka babinsa zai fi ƙarfi, wa'azin da yake son yi ma zai fi shiga.

Turawan da suka shata layin nan sun tafi tun 1960, kuma sun shata shi ne don sauƙin mulkinsu. Ba wajibinmu ba ne mu ci gaba da yi musu gadinsa a cikin littattafanmu. Na san akwai 'yan'uwa da ba za su yarda da ni ba, akwai kuma waɗanda suke da littattafan da suka saɓa wa abin da na faɗa. Ina roƙon su kawo su zaman karatu na gaba, ko su aiko da raddi a fitowa mai zuwa, domin da muhawara adabi yake girma. Allah Ya sa mu dace, amin.